Yadda Na Yi Da Wayata A Hanyar Da Sabis Ke Ɗaukewa

Tun kafin bizata ta fito Yaya ya ce in dai na sako ƙafa Ostireliya, to sai mun yi tafiyar mota daga Adelaide zuwa Alice Springs, can tsakiyar ƙasar, sama da kilomita 1,500. Ya daɗe a can, kuma ya bi hanyar har sau biyu. Na ce Allah ya kai mu. Sai ya jefo mini wata tambaya da na ɗauka tsokana ce: "Wace irin waya kake riƙewa yanzu?" Na faɗa masa. Ya ce in danna *#06# in turo masa lambar da za ta fito, kuma in yi haka a duk wayar da nake shirin tahowa da ita.

Lambar nan mai alƙaluma 15 ita ce IMEI, wato shaidar ita kanta wayar, ba ta layin da ke cikinta ba. Dalilin tambayar bai bayyana gare ni ba sai da ya zauna ya warware mini. Ostireliya ta rufe 2G tsakanin 2016 da 2018, sannan a ranar 28 ga Oktoban 2024 manyan kamfanoni biyun da suka rage suka fara kashe 3G. Ni kuma a watan Nuwamba zan sauka. Saboda haka duk kiran murya a ƙasar ta kan 4G ko 5G yake bi, ta tsarin da ake kira VoLTE. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, akwai wayoyin da za ka ga 4G ɓaro-ɓaro a saman fuskarsu, amma da ka danna kira sai su sauka 3G su yi kiran su dawo. A inda babu 3G, irin wannan waya ba ta da matakalar sauka. Hukumar sadarwar ƙasar ma ta umarci kamfanoni su toshe duk wayar da ba za ta iya kiran lambar gaggawa ta 000 ba.

Babbar wayata ta tsallake. 'Yar ƙaramar mai madannai kuwa, wadda nake alfahari da ita saboda tana kwana biyar ba caji, Yaya ya ce in bar ta a gida, don 2G kawai ta sani. Wannan ya rushe mini shiri, domin a cikinta na yi niyyar ajiye layina na gida.

Layin gidan nan shi ne abin da ya fi cin mini lokaci kafin tafiya, ba don kira ba, sai don lambobin sirri. Na zauna da takarda na lissafa duk abin da ke turo mini lamba ta tes kafin ya buɗe: banki, imel biyu, shafin wurin aiki, har kamfanin jirgin da na sayi tikiti. Sai na ga ashe rabin rayuwata a rataye take a jikin ɗan katin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na kira kamfanin layin na tabbatar an buɗe mini romin, wato damar layin ya yi aiki a ƙasar waje, tun ina gida, don wasu sai layin yana kan sabis ɗinsu na asali suke iya buɗewa. Duk asusun da ya yarda na mayar da shi kan manhajar da ke fitar da lamba da kanta kowane sakan 30, wadda ba ruwanta da sabis ko data. Na buga lambobin ajiya na imel a takarda na ninke cikin fasfo. Na kuma tabbatar wayar ba a ɗaure take da kamfani ɗaya ba, ta hanyar ara layin wani kamfanin in saka in gani. WhatsApp ban taɓa shi ba, tunda yana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko da an canza layi, muddin ba ka goge shi ka sake saukewa ba.

Da na sauka, shagunan layin waya ne jere a bakin fita. Na nufi na farko, Yaya ya riƙo hannun rigata. "Tsaya tukuna, ƙanena. Wanda ya fi yawan data ba shi ne zai kai mu inda za mu ba." Ya buɗe taswirar sabis ta kamfanoni uku a wayarsa. A bakin teku duk launi ya cika, ba ka bambance wannan da wancan. Da ya ja taswirar zuwa tsakiya sai launin ya koma ɗigo-ɗigo a kan garuruwa, tsakaninsu fari fat, kuma a taswirar wasu ma ɗigon babu.

A nan na fahimci wata dabarar talla da ban taɓa tsayawa na duba ba. Idan kamfani ya ce sabis ɗinsa ya kai fiye da kashi 99 cikin 100, jama'a yake ƙirgawa, ba faɗin ƙasa ba. Ostireliya tana da faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 7.7, mutanenta kuma kimanin miliyan 27 ne, galibinsu a biranen gaɓar teku. Kamfanin da ya fi kowa faɗin sabis ma bai rufe rabin ƙasar ba. Ba ƙarya suka yi ba, amma matafiyi ba a cikin jama'a yake yini ba, a tsakanin garuruwa yake. Ga wani abu kuma: a ƙasar, a lokacin da na je, galibi layin kamfani ɗaya ba ya hawa ƙarfen sabis na wani kamfanin don kiran yau da kullum. Kana iya tsayawa a gindin ƙarfe wayarka na nuna ba sabis, don ba na kamfaninka ba ne. Sannan wasu ƙananan kamfanoni da ke hayar sabis daga manya ba duka faɗin ake ba su ba. Sai da muka tambaya da kyau kafin na miƙa fasfo, domin ba a buɗe layi a can sai an tantance mai shi.

Mai shagon ya sake duba IMEI ɗin, ya ce wayar tana da zango na 28, wato mitar sabis ta megahaz 700. Na tambayi amfaninsa. Ya ce ƙananan mitoci sun fi tafiya nesa, sun fi ratsa itatuwa da bango, shi ya sa da su ake shimfiɗa sabis a karkara. Wayar da ba ta da wannan zango za ta yi aiki lafiya a birni, a daji kuma ta riga sauran ɗaukewa.

Na saka layuka biyu a waya ɗaya. Data a kan sabon, romin ɗin data na layin gida a kashe, kuma na kashe saitin nan da ke barin waya ta tsallaka da kanta zuwa ɗaya layin idan data ta yi rauni. Na gwada. Tes daga banki ya shigo ta layin gida bayan kamar minti biyu. Kira kuwa ta layin ya ƙi fita, ko ƙara bai yi ba. Yaya ya ce ai sai kamfanin gida yana da yarjejeniyar VoLTE da na nan kafin murya ta wuce. Ban damu ba, tes ɗin nake so.

Daren da za mu tashi na yi shi ne a gaban Wi-Fi ɗin gidan Yaya. Na sauke taswirar hanya duka a Google Maps, yanki-yanki, don ba ya barin ka ɗauki babban fili a karo ɗaya. Na ƙara da Organic Maps, wadda ke aiki da bayanan OpenStreetMap, saboda idan ɗaya ta ba ni kunya in sami madogara. Na ɗauki hoton takardun masauki da na inshora na ajiye a cikin wayar, ba a imel ba. Na hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, na tsayar da sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiyar intanet. Sannan na sa wayar a yanayin jirgin sama na buɗe komai ɗaya bayan ɗaya in ga ko zai buɗu. Gara da na yi hakan, don takardar masauki ɗaya ashe sunanta kawai ke cikin wayar, ita kanta tana can sama.

Abu na ƙarshe a daren shi ne magana da uwargida. Na zana mata zangon kowace rana da lokacin da nake sa ran samun sabis. Ta ce, "To Baban yara, idan lokacin ya wuce ban ji ka ba fa?" Tambayar da ta fi duk saite-saiten da na yi muhimmanci ke nan. Muka tsaya a kan cewa shiru na awa shida bayan lokacin ba komai ba ne. Idan ya kai awa goma sha biyu ta kira matar Yaya, ita ce ke da lambar motar da sunayen masaukanmu. Na rubuta lambar matar Yayan a takardar da ke cikin fasfo, tunda ni dai ban haddace lambar kowa ba tun da waya ta karɓe mini wannan aikin.

Daga Adelaide zuwa Port Augusta, kusan kilomita 300, ba abin faɗa. Sabis ya cika, har na fara ganin kamar Yaya ya cika tsoro. Daga Port Augusta aka hau titin Stuart, wanda ya miƙe har Darwin. Ba mu yi nisa ba sandunan suka fara zubewa, huɗu, biyu, ɗaya, sai wayam. A Pimba suka dawo, muka wuce suka tafi. A Glendambo muka cika tanki, don daga nan sai ka yi kimanin kilomita 250 kafin ka sake ganin gidan mai a Coober Pedy.

A wannan zangon na yi kuskure biyu a lokaci guda. Na bar wayar a kunne tana neman sabis, kuma na maƙala ta a jikin gilashin gaba rana na dukanta. Waya idan ta rasa ƙarfe ba ta haƙura, ƙara ƙarfin nema take yi, ga layuka biyu kowanne na nasa laluben. Cikin awa biyu caji ya sauka daga tamanin da wani abu zuwa ƙasa da rabi duk da tana jone da caja, sai kuma fuskarta ta dushe, ta rubuto cewa ta yi zafi, ta daina karɓar cajin. Yawancin wayoyi an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, gilashin mota kuwa a watan Nuwamba a can, lokacin da bazararsu ke kamawa, ya wuce nan nesa. Na cire mata riga na riƙe ta a bakin iskar sanyin mota har ta farfaɗo. Daga ranar, da mun bar gari sai in sa ta a yanayin jirgi, ba na buɗewa sai taswira ta nuna mun kusa wani zango.

Abin da ya burge ni shi ne ɗigon nan shuɗi bai daina tafiya a kan taswira ba. GPS saurare kawai yake yi, yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kuma guda huɗu sun ishe shi ya gane inda kake. Ba ya buƙatar layi ko data. Illa dai idan waya ta daɗe ba ta ga intanet ba, takan ɗauki 'yan mintoci kafin ta kama, don bayanan matsayin taurarin da ta saba samu ta data sai ta jira su daga sama a hankali. Sanin inda kake daban, iya gaya wa wani inda kake kuma daban, kuma na farkon kaɗai GPS ke yi.

Akwai inda na buɗe wayar na ga ta rubuta SOS a gurbin sanduna. Yaya ya ce ma'anarsa akwai ƙarfen wani kamfani a kusa, ba namu ba, kuma kiran gaggawa kaɗai zai bari ya wuce. Na ce ai na taɓa jin cewa 112 tana shiga ko'ina a duniya ko babu sabis. Ya girgiza kai. "Wannan maganar ta jefa mutane cikin wahala. A nan 112 kan 000 take kai ka, kuma sai da ƙarfen wani a kusa, ko na waye. Inda babu ko ɗaya, babu." Shi ya sa ya ɗauko wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa ya ajiye a aljihun ƙofa. Idan aka zaro eriyarta aka danna, tana aika kiran ceto a mita 406 na megahaz zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat, daga nan a sanar da cibiyar ceto da ke Canberra. Ba ta kira, ba ta tes, kuma ba a taɓa ta sai rai na cikin haɗari. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraro, kuma an buɗe wannan a Ostireliya a watan Mayun 2023, amma tawa ba irinsu ba ce. Wanda ke tunanin sayen wayar tauraro don yawon ƙasashe kuma ya fara bincika dokar inda za shi, don a Indiya, misali, shiga da ita ba izini laifi ne.

A rana ta biyu, bayan mun bar Coober Pedy, tayar baya ta yi faci. Canza ta bai kamata ya wuce rabin awa ba, amma noti ɗaya ya kafe, ga zafi. Kafin mu gama, mu lallaɓa a hankali da safaya, mun makara da kusan awa huɗu a kan lokacin da na ba uwargida. Yaya ya yi magana da wani direban doguwar tirela ta rediyon mota a tasha ta 40, wadda direbobin manyan hanyoyi ke saurare, ya gaya mana inda za mu sami mai gyaran taya a gaba.

A kan wani ɗan tudu na ga sanda ɗaya ta leƙo. Na yi maza na rubuta saƙo a WhatsApp, ya tsaya da alamar agogo, ko kaska ɗaya bai samu ba. Yaya ya ce in bar shi in tura tes, shi ɗan mitsitsi ne, yana iya silalewa ta sabis ɗin da data ba za ta wuce ba. Na rubuta bayani mai ɗan tsawo. Kafin in tura sai na lura da ƙaramin lissafi a gefe yana nuna saƙon ya rabu uku. Na yi mamaki, don na san tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Ashe haruffanmu masu lanƙwasa ne sanadi. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, waya takan koma wani tsarin rubutu da ba ya ɗaukar fiye da harafi 70 a saƙo ɗaya, domin babu su a cikin jerin haruffan da aka gina tes a kansu tun farko. Saƙo uku a kan sanda ɗaya mai rawa, ba lallai dukansu su isa ba. Na goge, na sake rubutawa ba lanƙwasa ko ɗaya: "Lafiya lau muke. Taya ce ta yi faci, mun gyara. Zan kira da dare." Na fita daga motar, na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ya tafi a gwaji na biyu.

Ban tabbatar ya isa ba, saboda tes daga wata ƙasa zuwa wata yakan ɓata a hanya. Da muka tsaya a wani masauki na bakin titi sai na hango rumfar wayar jama'a, irin wadda na ɗauka ta zama tarihi. Tun watan Agustan 2021 kamfanin Telstra ya mayar da kiran cikin gida daga irin waɗannan rumfuna kyauta. Na zaro takardar cikin fasfo, na danna lambar matar Yaya. "Anti, ni ne. Don Allah ki gaya wa mutanen gida muna lafiya." Ta ce ai tun ɗazu uwargida ta turo mata hoton tes ɗina, tana tambaya ko da gaske ni na rubuta, don ba ta saba ganin saƙona gajere haka ba.

Kuskurena na ƙarshe a kan agogo na yi shi. Jihar Ostireliya ta Kudu tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Oktoba zuwa Afrilu, Yankin Arewa kuwa ba ya yi. Da muka ƙetare iyaka kafin Kulgera, Yaya ya ce in mayar da agogona baya da awa ɗaya. Wayar tana yanayin jirgi, ba ta san mun tsallaka ba, sai na shiga saiti na kashe lokacin atomatik na rage awa ɗaya da hannu. A Erldunda, inda hanyar zuwa shahararren dutsen Uluru ta rabu, na sami Wi-Fi na zo buɗe imel, manhajar lambobi ta ba ni lamba, aka ce ba daidai ba. Na sake, aka ƙi. Na uku ma haka, har gabana ya fara faɗuwa kada a kulle asusun. Yaya ya karɓi wayar ya duba. Lambobin nan daga agogon duniya ake lissafa su, ni kuma maimakon in canza yankin lokaci daga Adelaide zuwa Darwin, sai na karkatar da agogon kansa, wayar ta koma tana bayan duniya da awa guda. Ya mayar da saitin kan atomatik, lamba ta gaba ta shiga nan take.

Mun shiga Alice Springs da la'asar sakaliya. Tun daga bakin gari wayar ta fara kakkarwa a aljihu ba ƙaƙƙautawa, saƙonni suna rige-rigen shigowa. Washegari Yaya ya kai ni tsohuwar tashar tangarahu da ke arewacin garin, ɗaya daga cikin tashoshin layin waya da aka kammala a 1872 daga Port Augusta zuwa Darwin ƙarƙashin jagorancin Charles Todd, wanda sunan matarsa Alice garin ya ci. Na ɗauki hotuna da yawa, amma ban tura ko ɗaya ba sai da muka koma masauki na hau Wi-Fi, don sauran datata na ajiye ta ne saboda hanyar komawa, kuma a daren na sake sauke taswirar yankin Uluru da na manta ban haɗa da ita ba tun farko.